Yadda za ka isar da sanarwar unguwa ga kowa, har da marar data

"Ai mun saka a guruf." Duk sakataren ƙungiyar unguwa a Kaduna ya san wannan amsa. Da ita muke kāre kanmu idan wani dattijo ya tare mu bayan Magariba yana tambayar yadda aka yi rabon gidan sauro bai ji ba, ko yadda aka yanka wa kowane gida kuɗin gyaran taransifoma ba a shawarce shi ba. Ni malamin firamare ne, kuma a hannuna littafi da wayar ƙungiyar ci gaban layukanmu suke, a nan Rigasa. Abin da zan shimfiɗa shi ne yadda muke fitar da sanarwa ta isa kunnen mai garuwa da mai wanki da matar da ba ta fita, a lokacin da ta isa wayar ma'aikacin banki. Sakawa a WhatsApp yana cikin aikin, amma can wajen tsakiya yake.

Littafi kafin waya

Ka sami littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka ɗauki mutum ɗaya da unguwa ta yarda da shi, ku bi gida-gida. A gaban kowane gida ka rubuta irin wayar da ke ciki, da hannun wanda take wuni, da harshe da rubutun da mutanen gidan suke iya karantawa. A gidan haya mai ɗaki goma, kowane ɗaki gida ne mai zaman kansa. Kada ka rubuta lambar mai gidan da ke zaune a Malali ka ce ka gama da su.

Kafin ka kai ƙarshen layi na biyu za ka ga yadda jama'arka suka kasu. Akwai masu babbar waya da data ba ta yanke musu, yawanci masu albashi da masu shago a Kasuwar Sheikh Gumi. Akwai masu babbar waya amma sai an samu ake sa data, ta kwana ɗaya ko ta dare, su buɗe su tarar da saƙo ɗari huɗu, su tsallake duka. Akwai masu ƙaramar waya mai madannai, wadda ba ta wuce kira da tes da rediyo da tocila. Akwai gidan da waya ɗaya ce tal, tana aljihun maigida tun Asuba har ya dawo daga Panteka da dare, matan gidan kuwa sai abin da ya tuna ya faɗa musu. Sai kuma waɗanda wayar na nan amma layin a rufe yake. Tun Disambar 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN, a Afrilun 2022 aka fara toshe kiran waɗanda ba su haɗa ba, wa'adin ƙarshe ya cika a Satumbar 2024. Tsofaffi da dama sun jefa tsohon layin a ƙarƙashin katifa sun koma aron na ɗa ko jika. Idan tsohuwar rajista ka gada daga sakataren da ya gabace ka, ka kira kowace lamba ka ji wa zai ɗauka.

Duk ɗan Kaduna ya san taswirar wannan rabe-rabe ko da bai taɓa zama ya zana ta ba. Da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917, sun keɓe wa kansu unguwa mai faɗin fili da inuwa, akawu da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu suka zauna Sabon Gari, leburori da sauran 'yan Arewa suka tare a Tudun Wada. Famfo da lantarki da tarho duk wannan layin suka bi. Da salula ta shigo a 2001, bayan MTN da Econet kowanne ya biya dala miliyan 285 kuɗin lasisi, kuɗin layi kaɗai ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, kira kuma naira 50 a minti, sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa aka ɗan numfasa. Yau layi ya yi araha, tsadar ta koma kan data da caji. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data. Wutar ma an kasa ta rukuni-rukuni: a takarda, 'yan rukunin A suna da awa 20 a rana, 'yan rukunin E awa 4. Mutumin da wayarsa ke wuni a shagon mai caji ba zai ga sanarwar ƙarfe goma na safe ba, komai kyan rubutunta.

Haɗa saƙon kansa

Ka fara da murya, rubutu ya biyo baya. A layukanmu akwai mutanen da suka sauke Alƙur'ani, suna rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami, amma boko na ba su wuya, balle Turanci. A ce wa irin waɗannan mutane jahilai, rashin kunya ne. Mulkin Turawa ne ya zaɓi boko ya zama rubutun ofis da makaranta, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 da boko ta fito, ajami ya koma zaure da tsangaya, har a 2007 aka cire shi daga ƙananan takardun naira. Wayar zamani ta gaji wannan zaɓin. Saƙon murya kuwa bai tambayi kowa makarantar da ya yi ba.

Saƙon kada ya wuce minti ɗaya, idan ya yi nauyi ƙwarai minti ɗaya da rabi. Ka rubuta abin da za ka faɗa a takarda tukuna, ka shiga ɗaki inda babu ƙarar janareta, sannan ka ɗauka. Ga irin yadda nake yi:

"Assalamu alaikum jama'a. Sakataren ƙungiya ne ke magana, yau Talata 5 ga Agusta 2025. Masu rigakafin yara za su zo ranar Asabar ɗin nan, 9 ga wata, a harabar firamare, daga ƙarfe 9 na safe zuwa Azahar. Kyauta ne, duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ba namu ba ne. A zo da katin yaro. Mai tambaya ya ga wakilin layinsa."

Ambaton rana da wata da shekara dole ne, domin saƙon murya ba ya mutuwa. Bayan wata takwas wani zai tono shi ya sake turawa, mata su goyo yara su yi ta jira a rana, ba kowa. Ka faɗi lokaci da agogo ka kuma faɗe shi da sallah, saboda kowa da abin da yake auna wuninsa da shi. Idan unguwarku ta haɗa Musulmi da Kirista, irin su Kakuri da Barnawa, ka yi gaisuwar da za ta ɗauki kowa, ka yi Hausa miƙaƙƙiya wadda Bagwari da Bayarabe da Banufe za su gane ba tare da sun tambaya ba, kuma kada ka sa taro lokacin Juma'a ko safiyar Lahadi.

Nan take bayan muryar, ka saka rubutaccen saƙo gajere mai ɗauke da magana iri ɗaya. Kurame suna cikin unguwa, rubutun nasu ne, kamar yadda muryar take ta makafi. Ban da bidiyo. Ban da hoton sanarwa mai kwalliya irin wanda ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji ke turowa da Turanci, mai ƙananan haruffa da tambari shida a ƙasa. Idan irinsa ya zo maka, ka karanta, ka tsamo abin da ya shafi mutanenka, ka faɗe shi da Hausa. WhatsApp yana nuna nauyin kowane bidiyo kafin a sauke shi. Ka duba da kanka ka ga yadda bidiyo ɗaya ke lashe datar da za ta isa saƙon murya masu yawa. A taron farko da za ku yi, ka sa yaran da suka iya su bi wayar duk wanda ya yarda, su shiga saitin ajiya da data, su kashe saukar hoto da bidiyo da kansu. Wannan aikin minti biyu ya fi wa mai datar naira ɗari amfani fiye da duk wata lacca.

Zaure biyu za ka buɗe a WhatsApp, wato guruf biyu. Ɗaya na sanarwa zalla, a kulle shi yadda admin kaɗai ke iya magana. Ɗaya na hira, mai so ya shiga. Idan ka haɗa su, hotunan barka da Juma'a masu furanni da bidiyon 'yan siyasa da musun ƙwallo za su binne sanarwar, talaka ya gaji ya fice. Masu surutu za su yi ƙorafin an toshe musu baki. Ka nuna musu zaure na biyu.

Sanarwar da ba ta gaggawa ba, ka fitar da ita aƙalla kwana uku kafin ranar, bayan Isha'i, lokacin da wayoyi suka dawo gida daga caji da wurin aiki, sannan ka maimaita a jajibiri. Washegari ka danne saƙon ka buɗe bayaninsa: za ka ga waɗanda suka saurara, da waɗanda ya shiga wayarsu ba su buɗe ba, waɗanda ba ka ga sunansu ba kuwa ko shiga wayarsu bai yi ba. Waɗannan na ƙarshe su ne aikinka na yau.

Hanyoyin da ba sa cin data

Ka raba unguwa gunduwa-gunduwa, gida 15 zuwa 20, kowace gunduwa da wakili namiji da wakiliya mace. Wajen zaɓe kada ka dubi tsadar waya, ka dubi wanda yake wuni a layin: tela, mai shagon tireda, mai caji, mai injin markaɗe. Ma'aikacin da ke fita ƙarfe bakwai ya dawo da dare, ko wayarsa ta miliyan ce, ba wakili ba ne. Aikin wakili shi ne ya kunna saƙon da ƙarfi inda mutane ke taruwa, teburin mai shayi da safe, majalisa da yamma, bakin rijiyar burtsatse, sannan ya leƙa gidajen da littafi ya nuna ba su da waya. Ana iya tura muryar ta Bluetooth ko Xender ba tare da data ba, sai dai ba kowace ƙaramar waya ce ke buɗe muryar WhatsApp ba. Yaran da ke tura fina-finai a memori sun san yadda ake juya ta ta koma irin ta waƙa, ka ja ɗayansu a jiki.

Masu ƙaramar waya da suka iya boko, tes za ka tura musu, kuma akwai wata dabara a nan da ke ceton kuɗin ƙungiya. Shafin tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160. Da zarar ka sa harafi mai lanƙwasa ko da guda ɗaya ne, ƙ ko ɗ ko ɓ, shafin zai koma harafi 70, saƙon da ya kamata ya zama shafi ɗaya ya zama uku, a caje ka sau uku kan kowane mutum, wasu tsofaffin wayoyi ma su nuna akwati a gurbin harafin. A tes, ka rubuta ba lanƙwasa, ka sake karantawa ka tabbata ma'ana ba ta juya ba. Ka kuma sanar da kowa cewa wanda ba shi da kati ya yi wa layin ƙungiya filashin, za a kira shi.

Maganar mata ita ce ta fi buƙatar zama. Yawancin sanarwar da muke fitarwa, rigakafi ne, awon ciki ne, rajistar 'yan aji ɗaya ne, rabon gidan sauro ne, duk aikin da a ƙarshe mace ce za ta yi shi. Amma idan ka duba zauren unguwa, maza ne cike. Dalilin farko shi ne wayar na hannun miji. Na biyu kuma, duk wanda ke cikin guruf yana ganin lambar kowa, kuma matar da lambarta ta shiga zauren maza ba ta kwana biyu sai baƙuwar lamba ta fara yi mata sallama da tsakar dare. Daga nan ko ita ta fice, ko mijin ya fitar da ita, wani lokaci har wayar ta tafi. Saboda haka mata su yi zaurensu, mace ta riƙe, babu namiji ko ɗaya a ciki, har da kai sakatare. Kai dai ka tura wa shugabar, ita ta saka. Waɗanda ko wannan ba sa so, akwai tsarin tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa a lokaci guda, wanda ke ɗaukar har mutum 256, kowa ya karɓa shi kaɗai ba ya ganin lambar wani. Sharaɗinsa shi ne mai karɓa ya ajiye lambar mai turawa, in ba haka ba saƙon ba zai shiga ba.

Matan da ba su da waya kuma suna da hanyoyinsu tun kafin a haife mu: malamar Islamiyya, unguwarzoma, uwar adashi, dillaliya, mai kitso, shugabar zumuntar mata a coci. Dillaliya ɗaya tana shiga gidajen da kai ba za ka wuce zaurensu ba har ka mutu. Ka nemi yardar mai unguwa kafin ka ɗora musu wannan aiki. Ni yadda na faɗa wa namu shi ne, "Ranka ya daɗe, maganar allurar yara da makaranta, in ta tsaya a majalisa ba ta shiga cikin gida. Muna neman izini iyayenmu mata su riƙa ɗaukar ta." Shi ya kira magidanta ya yi musu bayani da bakinsa, abin da da ni na yi da an ce malamin boko zai ɓata mata.

Liman kuma takarda za ka kai masa, rubutu manya-manya, layi huɗu ko biyar, kafin a tayar da sallah. "Allah gafarta Malam, ga 'yar sanarwa in an idar." Kada ka miƙa masa waya ka ce ya saurara. Sakataren coci ya samu tasa tun Asabar. Kwafi uku ko huɗu, boko a sama ajami a ƙasa, a liƙa a masallaci da shagon caji da bakin famfo. Kowane alaramma zai rubuta maka ajamin cikin minti biyar. Idan abin gaggawa ne, kamar yaro ya ɓata ko za a yanke ruwa, a ɗaura lasifika a Keke a zaga. Babban lamari da ya wuce unguwa ɗaya ya cancanci sanarwar rediyo, domin Kaduna garin rediyo ne tun da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a 1962, kuma kusan kowace ƙaramar waya tana kama FM kyauta.

Wani zai ce wannan duk wahala ce a zamanin intanet. Ya tuna ƙarshen Satumbar 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu sassan Kaduna saboda 'yan bindiga, ba a maido ba sai ƙarshen Nuwamba. 'Yan'uwanmu na ƙauyuka wata biyu suna aiko da saƙo ta bakin direba. Unguwar da ta bar mai shela da liman da wakilin layi suka mutu, ranar da sabis ya ɗauke ba ta da baki.

Hukunci a fili ake yanke shi

A nan ne zalunci ya fi shigowa ba tare da kowa ya yi niyya ba. Taransifoma ta ƙone. Cikin awa ɗaya masu data sun fara muhawara, rabi da Turanci, daga ofis inda intanet ɗin ma kyauta suke samu. Wani ya ce kowane gida naira dubu goma, mutum ashirin suka ɗaga babban yatsa, aka ce jama'a sun amince, aka saka lambar asusu. Mai ɗaki ɗaya da ƙwan fitila ɗaya sai dai ya ji an yanka masa daidai da mai firiza uku da na'urar sanyaya ɗaki.

Ku rubuta a dokar ƙungiya cewa ana iya kawo shawara a guruf, amma duk abin da ya shafi kuɗi ko zaɓen shugabanni ko jerin sunayen masu cin gajiyar wani tallafi, sai a taron ido da ido. A sa taron lokacin da lebura da ɗan kasuwa suka tashi. Wakilan mata su zo da matsayar zaurensu, a karanta ta kafin maza su fara magana. Karo-karo kuma a yanka shi bisa ƙarfi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a bar kowane layi ya faɗi wa zai iya nawa.

A karɓi taransifa, a kuma karɓi tsabar kuɗi da rasit. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna mana mutum nawa ne ba su da asusun banki, da yadda kuɗin cirewa a wurin mai POS ke cin wanda ke cire kaɗan fiye da mai cire da yawa. Ka hana saka hoton alat a guruf, domin gasar nuna arziki yake zama. Jerin waɗanda ba su biya ba kuwa kada ya taɓa shiga waya. Wakilin layi ya same su a keɓe. Lissafin shiga da fita a karanta shi da baki a taro, sannan a saka.

Ranar da aka buɗe shafin rajista

Kusan duk wata dama yanzu ta intanet ake neman ta. Jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ba a kuma yin rajistarta sai da NIN tun 2021. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ta intanet aka cike shi, haka rancen ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024, haka ɗaukar soja da ɗan sanda. Wanda ya fara gani shi ke fara cikewa, wanda ya fara gani kuwa ɗan gidan da data ba ta yankewa ne. Ɗan mai garuwa yakan ji labari ranar da aka rufe.

Idan irin wannan ta fito, bayan sanarwa ka kafa tebur. Benci biyu a barandar makaranta, matasa biyu ko uku da suka iya, mace ɗaya a cikinsu saboda 'yan mata, datar ƙungiya, da fawa banki cike. Tun a sanarwar ka faɗi abin da za a zo da shi. Wanda ya manta lambar NIN ɗinsa zai iya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi, ana cire ɗan kuɗi. A duba ko sunan da ke NIN ya yi daidai da na BVN da na takardar makaranta, domin Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya jefar da yaro. Lambar wayar da za a sa ta zama ta mai nema ko ta gidansu, saboda can za a turo lambar tabbatarwa da kiran ganawa. Idan an buɗe masa imel, a rubuta adireshin da kalmar sirrin a takarda a ba shi ya tafi da ita. Mai cikewa kada ya bar hoton katin kowa a wayarsa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, kafin ita ma amana tana nan.

Kafin ka yaɗa kowane linki, ka tantance shi. Shafukan hukumomin gwamnati yawanci da gov.ng suke ƙarewa. Duk wanda ya ce sai ka tura wa guruf goma kafin ya buɗe, ko ya nemi lambar katin ATM da lambar sirri, na ɓarayi ne, kuma talakan da ke jiran tallafi suke farauta. Akwai kuma masu kira su ce za a yi taron ƙungiya ta intanet, ka karanto musu lamba shida da aka turo maka yanzu. Wanda ya karanta, WhatsApp ɗinsa ya tafi, sai a fara roƙon kuɗi da sunansa. Kowane admin ya sa wa WhatsApp ɗinsa lambar tsaro ta biyu a cikin saiti, ka kuma yi saƙon murya guda a kan wannan damfara kaɗai.

Idan ƙungiya ta yi rabon abinci da azumi ko Kirsimeti, a ɗauki hoton buhuna, a bar fuskokin masu karɓa. Mai bayarwa yana son shaida, gaskiya ne, rasit da sa hannun mai unguwa sun isa. Bazawarar da aka sa ta riƙe ƙullin shinkafa aka watsa a Facebook, 'ya'yanta ne za su sha tsokana a makaranta, ita kuwa ko wayar ganin hoton ba ta da ita.

Jita-jita

Garin da ya ga rikicin 2000 da na 2002, har mutane suka kwashe kaya suka koma hayin kogin da suke ganin nasu ne, ba ya wasa da saƙon "an fara a wuri kaza". Mai data zai duba BBC Hausa, ya kira abokinsa da ke wurin, ya ci gaba da aikinsa. Mai tallan rake zai ture baro ya gudu gida, cinikin ranar ya tafi, yara su kwana da yunwa a kan maganar da ba ta faru ba. Wanda ya tuna Agustan 2014, daren da aka yi ta buga waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola, har aka rasa rayuka, ya san ƙarya ba ta buƙatar babbar waya kafin ta shiga kowane gida.

Dokarmu ita ce labarin tsaro admin kaɗai ke saka shi, shi ma sai ya yi magana da wanda ke tsaye a wurin, ko mai unguwar can, ko shugaban 'yan sintiri. Saƙon da ke ɗauke da alamar kibiya biyu, wato an yi ta tura shi hannu zuwa hannu, da bidiyon da ba a san rana da garin da aka ɗauke shi ba, admin ya goge su daga wayar kowa, ya kira wanda ya saka ya yi masa magana a hankali. Idan ƙaryar ta riga ta fita, gyaran ya bi duk hanyoyin da sanarwa ke bi, murya da tes da wakilai da liman. Ƙarya takan fita daga guruf ta shiga baki cikin minti goma, gyara kuwa yakan tsaya a guruf wurin waɗanda dama ba su ruɗe ba.

Gwaji da kuɗin aiki

Kwana ɗaya bayan kowace babbar sanarwa, ka nemi mutum uku daga can ƙarshen littafinka, misali mai garuwa, da tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, da malamin tsangaya. Kada ka ce "kun ji sanarwa?", domin kunya za ta sa a ce maka an ji. Ka ce, "Iya, me ake cewa za a yi ranar Asabar?" Idan ta faɗi rana da wuri daidai, hanyar na aiki. Idan ta ce ba ta ji ba, ko ta ce an ce da kuɗi, ka bi baya ka gano wurin da maganar ta tsinke, wakili ne ya yi tafiya ko wayar shugabar mata ce ta lalace.

A kasafin ƙungiya a ware kuɗin kati da data da buga takarda kowane wata, har da ɗan abin cajin wakilai, kada a bar wa aljihun sakatare. Layin ƙungiya dole da NIN ɗin wani za a yi masa rajista, saboda haka a rubuta a littafin taro sunan wanda aka yi amfani da nasa da sharaɗin miƙa layin idan ya sauka. Littafin gidaje kuma a sake bin sa sau biyu a shekara, bayan Babbar Sallah da kuma farkon Janairu, lokacin da 'yan haya suka fi tashi wasu su tare.